Tsaron ƙofar alhazai a Mina: in an ci kwalarka ko an zare maka wuƙa

Tambaya

Assalamu alaikum Baba. Ni mazaunin Makka ne, wajen Shara Mansur. Bara na samu aikin Hajji na wucin gadi, aka ajiye ni ƙofar masaukin alhazan Nijeriya a Misfala, ranakun Mina kuma aka mayar da ni ƙofar tantuna. Wani alhaji ya ci kwalata don na hana shi shiga ba kati, wani kuma ya rantse sai ya yanka ni, yana ta laluben aljihu. Bana ma an sake ɗauka ta. Abokaina na cewa in riƙa soke 'yar wuƙa a ƙugu, ko in koyi dambe. Ina neman shawararku.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya tun lokaci bai ƙure ba. Na daɗe ina kula da masu tsaron ƙofa a aikin alhazai, ina kuma horar da sababbin shiga, kuma da wuya shekara ta wuce wani yaro bai kawo mini maganar wuƙar nan ba. To bari mu fara sallamar ta.

Kada ka ɗauki wuƙa, ko ta fere lemo ce. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya ce bai halatta ga ɗayanmu ya ɗauki makami a Makka ba. Ta wajen hukuma kuwa, ranar da aka ga ƙarfe a hannunka ka tashi daga wanda aka zalunta ka koma wanda ake tuhuma, kuma ba lallai a tsaya tambayar wa ya fara ba. Sannan akwai abin da abokanka ba su hango ba. Wanda ya ci kwalarka hannu biyu kawai ya zo da su. In akwai wuƙa a ƙugunka, kai ne ka kawo makami cikin rigimar da ba ta da shi, kuma da zarar an kaure da kokawa, wanda hannunsa ya riga kaiwa gare ta shi zai yi amfani da ita.

Dambe ba laifi ba ne in don ƙarfin jiki da numfashi za ka koya. Amma ɗan dambe matsawa yake koyo, kai kuma aikinka na buƙatar ka iya ja da baya. Ka tuna ko kai wane ne a ƙofar nan. Kai ba askar ba ne, wato jami'in tsaron gwamnati. Ba ka da ikon kama mutum, ko caje shi, ko kulle shi a ɗaki, ko ƙwace masa waya. An ajiye ka ne don ka gani, ka yi magana, ka kira masu iko. In kuka doku da mutum, a ofishin shurɗa, wato 'yan sanda, mudaraba za a rubuta, ma'ana faɗa tsakanin mutum biyu, a kwashe ku ku biyu, magana ta wuce Niyaba, ofishin masu gabatar da ƙara. Idan likita ya rubuta cewa raunin da ka ji masa zai wuce kwana 21 bai warke ba, ya shiga sahun manyan laifukan da ake tsare mutum a kansu, sai fa in mai haƙƙi ya yafe. Ga mai igama kuwa, wato baƙon da ke zaune da takardar izinin zama, ƙarshen irin wannan shari'a na iya zama tarhil, wato kora daga ƙasar. Naushi ɗaya kan raba mutum da garin da aka haife shi.

Yanzu ka dubi mutumin da ke isowa ƙofarka ranar 10 ga Zulhajji da hantsi. Ya wuni a Arfa, ya kwana a ƙasa a Muzdalifa in ma ya runtsa, motarsu ta bar shi ko ta maƙale, ya tako da ƙafa, takalmi ɗaya ya tsinke, cinya ta saɓule, ga tantunan Mina duk kama ɗaya. Ya tambayi askar goma ba wanda ya ji yarensa. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu. Wannan mutumin da ya iso wurinka kai ne na farko da ya ji Hausa a bakinsa, sai kuma ka ce masa ba zai shiga ba. Duk abin da ya tara tun jiya a kanka zai sauke. Ba kai ya tsana ba, bai ma san ka ba. Idan ka riƙe wannan a zuciyarka, zagin ba zai shige ka yadda yake shigar wanda ya ɗauka da shi ake ba.

Wani ma ba fushi yake ba, ciwo ne. Bugun rana yakan ruɗa ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa faɗa da surutai marasa kan gado. Haka mai ciwon suga in sugansa ya faɗi: gumi, rawar hannu, zafin rai. Na ga wani dattijo ya riƙe ƙarfen ƙofa yana jijjiga shi, yana zagin yaron da ke tsaye, yana cewa an sace masa shanu. Yaron ya fara ɗaga murya. Abokin aikinsa ne ya lura haramin dattijon ya jiƙe sharkaf, leɓensa na rawa, idonsa ba ya tsayawa a kan kowa. Ya duba jakar wuyansa bayan ya nemi izini, sai ga maganin suga. Aka zaunar da shi a inuwa, aka ba shi lemon kwali mai zaƙi tunda yana iya haɗiya, aka kira likita. Kafin a jima dattijon nan yana tambayar ina yake, yana ba yaron haƙuri kan abin da bai ma tuna ya faɗa ba. Saboda haka in maganar mutum ba ta haɗuwa, in yana tangaɗi, in jikinsa ya yi zafi rau, ka daina gardama ka nemi magani. A kai shi inuwa, a kwara masa ruwan sanyi, a yi masa fifita, a kira 997, lambar motar asibiti. Wanda ya fita hayyacinsa kuwa ba a ɗura masa komai a baki.

In ka tabbata lafiyarsa ƙalau, fushi ne zalla, to nan aikin baki ya zo, kuma nan ka fi askar sa'a, domin kana da harshen mutumin da al'adarsa. Tun kafin ka buɗe baki jikinka ya riga ya yi magana. Kada ka tsaya ƙirji da ƙirji da shi. Ka ɗan karkace, ƙafa ɗaya a baya, tsakaninku ya kai tsawon hannu biyu, hannayenka a buɗe a gabanka daidai ƙirji, kamar mai bayani. Shi zai ga ladabi, kai kuma hannunka na kusa da fuskarka in mari ya taho. Kada ka nuna shi da yatsa, kada ka riƙe ƙugu, kada ka yi murmushi yana cikin zafi, zai ɗauka raini ne. Abin wuyan da katinka ke rataye ya zama mai ɓallewa in an finciko shi, ko ka maƙala katin a aljihu. Da shi ake shaƙe yaranmu.

Ka yi masa sallama ka kira shi da girmansa: Baba Alhaji, Kawu, Hajiya, Mama. Ka yi masa sannu da hanya. Sannan ka bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, kada ka katse shi ko da ka san ƙarshen zancen. Tukunyar da ke tafasa ba a danne murfinta, itace ake ragewa. Yawancin mutane ba sa iya ɗaukar minti biyu suna ihu in ba a mayar musu ba. Da ya sarara, ka maimaita masa damuwarsa da bakinka: “Wato Baba tun asuba kuke tafiya, kuma Hajiya ta ɓace muku a Muzdalifa?” Da ya ji an fahimce shi za ka ga kafaɗunsa sun sauka. Sai ka yi tambayar da ke buƙatar tunani: daga wace jiha, wace ƙaramar hukuma, wa ya jagorance su, mene ne lambar da ke jikin abin shaidar da aka ɗaura masa a hannu. Mai lissafin amsa ba ya iya ci gaba da zagi a lokaci guda.

Akwai kalmomin da na hana yarana. “Ba ruwana.” “Doka ce.” “Ka yi abin da za ka yi.” Har “kwantar da hankalinka” ban cika so ba, domin a kunnen mai fushi tamkar ka ce masa ba shi da hankali ne. Larabawa kan ce salli alan Nabiy in rigima ta tashi, kuma yana aiki a wurin mutanenmu ma, muddin da taushin murya ka faɗa. Abin da ba na so shi ne yaro ya ɗauko ayar Baƙara ta 197, wadda ta hana jayayya a Hajji, ya maka wa dattijo a gaban jama'a. Ayar gaskiya ce, amma in ka yi bulala da ita ka kunyata shi, kuma wanda aka kunyata a gaban matarsa da 'yan garinsu ba ya ja da baya ko ya san bai da gaskiya. Ka raba shi da 'yan kallo. Ka ce, “Baba mu koma nan inuwa in duba muku.” Kujera da gorar ruwa mai sanyi sun kashe rigimar da ba ta ƙirguwa, kuma hadisi ma ya umarci mai fushi da ya zauna in yana tsaye.

Kada ka tsaya a kan “a'a” kawai. Ka haɗa ta da abin da za ka iya yi: “Nan ba maktab ɗinku ba ne, wato sansanin tantunanku, amma ga lambar naku, bari in kira jami'in jiharku, ko in haɗa ku da mai raka ɓatattu.” Kuma kada ka yi alkawarin da ba za ka cika ba don ka rabu da shi, zai dawo da fushi ninki biyu, wataƙila a kan wanda ya canje ka. In ka ga jininku bai haɗu ba, duk abin da ka faɗa ƙara hura shi yake, ka matsa abokin aikinka ya karɓa. Sabuwar fuska takan ba mutum damar sauka ba tare da ya ji an kayar da shi ba. Ban ɗauki wannan gazawa ba, ina ma yaba wa yaron da ya san lokacin da zai matsa.

Wanda ya fi wuya, a ganina, ba baƙon alhaji ba ne. Namu ne na gida: maƙwabcinka na unguwa da ya shigo Mina ba tasrihi, wato takardar izinin Hajji, ko mai talla, ko wanda ke son ya sa kai cikin tanti don abinci da sanyi. Ya san sunanka, ya san gidanku, zai ce ka manta asali don an rataya maka kati. A Hajjin 2025 tarar mai Hajji ba tasrihi ta kai riyal 20,000, ta wanda ya ɗauko shi ko ya ba shi mafaka ta kai 100,000, ga kora da hana shigowa ƙasar shekara 10 ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Ka faɗa masa wannan a keɓe, ba a bainar jama'a ba: “Yaya, in na bar ka ka shiga, ni da kai za a kwashe.” Ka miƙa masa ruwa. In kuwa ba shi da lafiya, maganar kati ta ƙare, ka kira masa motar asibiti kamar kowa. Kashi 83 cikin 100 na waɗanda suka rasu a 2024 marasa tasrihi ne, mutanen da ba su da tanti ba su da mota. Hana shi shiga aikinka ne, barin sa ya faɗi a bakin ƙofa ba aikin kowa ba ne.

Mata kuwa kada hannunka ya taɓa su, ko da turo ka ake. Ka ja baya, ka kira ma'aikaciya mace ko jagorar matan jihar. Dokar hana cin zarafi ta 2018 na kai mutum kurkuku har shekara 2 da tarar riyal 100,000, kuma a cunkoso abu kaɗan ne ke zama zargi.

Sai mai laluben aljihu. Yawancin masu cewa “sai na yanka ka” baki ne, amma ba aikinka ba ne ka gwada ko wannan na cikin yawancin. Mai ihu bai cika ba ni tsoro ba. Wanda nake tsoro shi ne wanda ya yi ta ihu sai ya yi tsit, ya ajiye jakarsa, ya waiga hagu da dama, ya juya kafaɗa ɗaya baya, hannu ɗaya ya ɓace cikin riga ko jaka, yana matsowa. Hannu za ka riƙa kallo. Wani sajan na 'yan sanda a Salt Lake City ta Amurka, Dennis Tueller, ya auna abin a 1983: mai wuƙa na iya cin tazarar ƙafa 21, wato sama da mita 6, cikin kamar sakan ɗaya da rabi. Wannan magana ce ta ɗan sanda mai bindiga a ƙugu, ina ga kai da ke tsaye taku biyu da mutum? Saboda haka da hannu ya ɓace, ka buɗe tazara nan take, ka sa wani abu tsakaninku, tebur ne, kujera ce, ƙarfen shinge ne, ka ce da ƙarfi, “Fito da hannunka in gani.” In ƙarfe ya bayyana, ka bar masa ƙofar. Na san an ce gudu gadon matsoraci ne, amma ba a ɗauke ka aiki don ka mutu a kan ƙofar tanti ba, kuma mai wuƙar da ya shiga za a kama shi a ciki. Ka yi ihu da kalma ɗaya da kowa zai gane, “Wuƙa! Sikkin!”, ka kora mutane nesa, ka kira 911, wadda ita ce lambar gaggawa ta bai ɗaya a yankin Makka. Wuri za ka fara faɗa: lambar maktab, lambar titi, wace ƙofa. Sannan abin da ke faruwa, sannan kamanninsa. “Yana sanye da farare” ba ta da amfani a Mina. Ka faɗi tsayinsa, gemu ko babu, launin jaka ko lema, da inda ya nufa.

In an riga an ci kwalarka, kada ka kai duka. Ka sunkuyar da haɓa, ka ɗaga hannu ka kare fuska, ka dafe hannun nasa a ƙirjinka don kada ya jijjiga ka, ka ce, “Baba sake ni mu yi magana.” In bai saki ba, ka murɗa ta wajen babban yatsansa, nan riƙo ya fi rauni, ka fice gefe. Wannan kam ka sa wanda ya iya ya nuna maka, ku maimaita da abokin aikinka har jiki ya saba, domin karatu ba ya koyar da shi. In har ta kai an taru an riƙe mutum don kada ya ji wa wani, to kada a kifa shi a kan cikinsa, kada a hau bayansa ko ƙirjinsa, kada a taɓa wuyansa. Mutane sun mutu a hannun masu tsaro a ƙasashe da dama ta wannan hanya, numfashi ne ke yankewa. In ya ce ba ya iya numfashi, ka yarda da shi.

Idan an ji wa wani, jini ne abin gaggawa, domin babbar jijiya in ta yanke mintuna kaɗan sun isa. Ka danna wurin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, ko gefen harami, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. In ya jiƙe ka ƙara wani a kai. In wuƙar na jiki kada ka zare ta, ka danna kewayenta. In hannu ne ko ƙafa kuma jini ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da kamar santimita 5 zuwa 7, ba a kan gaɓa ba, a tamke har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin. Hukumar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar na koyar da taimakon farko, ka nemi shiga kafin aiki ya fara.

Duk da haka, ɗana, in ka tambaye ni abin da ya fi hana ni barci a aikin nan, ba mai wuƙa ba ne. Jama'ar da ke bayansa ce. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a turmutsitsi a ramin Mu'aisim, hanyar ƙarƙashin dutse da ke kusa da Mina. A 2006 fiye da 340 suka rasu a mashigar gadar Jamarat, kuma abin da ya fara jawo shi kaya ne da suka zube a hanya mutane suka yi ta tuntuɓe. Ranar 24 ga Satumba 2015, a mahaɗar titi na 204 da na 223 a Mina, hukuma ta ce 769, ƙidayar da kamfanin dillancin labarai na AP ya tattara daga ƙasashe ta haura 2,400. 'Yan Nijeriya fiye da 200 na ciki, har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf, Allah Ya jiƙansu. Ba wanda ya zare makami a ko ɗaya daga cikin waɗannan. Matsi ne ke hana ƙirji buɗewa, mutum ya mutu a tsaye.

Ƙofarka ƙaramar mashiga ce, kuma duk minti ɗaya da ka ɓata kana gardama a tsakiyarta, mutane na taruwa a baya, na baya ba su san abin da ke faruwa a gaba ba, turowa kawai suke. Masana cunkoso sun nuna cewa in mutane suka haura 4 zuwa 5 a murabba'in mita ɗaya an shiga haɗari, in aka kai 6 ko 7 mutum ba ya iya sarrafa jikinsa. Ba sai ka ƙirga ba. In ka ga kawuna na tangaɗi gaba da baya tare, in mutane sun kasa ɗaga hannu su share gumi, in ka ji mata na salati da ƙarfi, an kai wurin. A wannan lokacin duba kati ya faɗi. Ka buɗe ƙofa gaba ɗaya, ka sanar da mushrif, wato mai kula da aikinku, a tsayar da masu tahowa tun daga nesa, a tace mutane daga baya a ciki inda akwai fili. Gara mutum goma marasa kati su shige a fitar da su da yamma da a danne tsohuwa ɗaya a jikin ƙarfe. Wannan shawara ku yanke ta da mushrif tun kafin ranar, don kada ka tsaya neman izini lokacin da babu lokaci.

Shi ya sa nake cewa kowace rigima a janye ta daga bakin ƙofa. Shi ya sa kuma ba na yarda a jibge jakunkuna, katan-katan na ruwa ko kekunan marasa lafiya a mashiga, ko a bar masu shimfiɗa su kwanta a nan. Ƙofar gaggawa kuwa kada ka yarda a sa mata kwaɗo don maganin masu satar shiga. A ajiye mutum a wurin. Gobarar Mina ta 1997 ta ci fiye da mutum 300, bayanta ne aka kafa tantunan da ba sa kama wuta, amma katifa da kaya da wayar lantarki har gobe suna ci. In ka ga risho ko tukunyar gas a tanti ka kai rahoto, ko na wane ne.

Rigimar da za ka fi sha ita ce ta jadawalin fita jifa. An ba kowane maktab lokacinsa, alhaji kuma ya ƙagu ya jefi Shaiɗan ya yi aski ya cire harami. In ka ce masa “an hana” kawai, zai ga kai ne ka tsare shi. Ka gaya masa ƙarfe nawa za a buɗe, ka gaya masa dalili, ka tuna masa 2015, yawancinsu sun san wani da abin ya shafa. Ka nemi malaman jihar su yi wannan bayani a tanti tun daren, domin maganar da alhaji zai ƙi ji a bakinka zai karɓa a bakin malaminsa. In kai kanka matsi ya rutsa da kai, ka ɗaga hannu biyu gaban ƙirji ka samar wa huhunka wuri, kada ka yi gaba da turin, ka bi shi kana zamewa gefe a hankali, kada ka sunkuya ɗaukar komai ko wayarka ce.

Babban hari ba kasafai ba ne, amma yana faruwa. A Yulin 2016 ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe jami'an tsaro 4 kusa da Masallacin Annabi a Madina. A Oktoban 2020 an soki mai gadin ƙaramin ofishin jakadancin Faransa a Jidda. Naka a nan kaɗan ne: jakar da ba mai ita kada ka taɓa ta, ka nisantar da mutane ka kira. Wanda ke yawan tambayar lokutan canjin masu gadi ko yana ɗaukar hoton ƙofofi, ka sanar. In abu ya tashi, ka fice da waɗanda za ka iya, in ba hanya ka ɓuya ka kashe ƙarar waya, sannan ka kira.

Waya ma tana da nata tarko. In mai rigima na ɗaukar ka bidiyo kada ka kai hannu, ka ci gaba da magana yadda ba za ka ji kunya ba in an kalla. Kai kuma kada ka ɗauki alhaji ka watsa a WhatsApp ko TikTok. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗauri har shekara 1 da tara har riyal 500,000 kan keta sirrin mutum da kyamarar waya ko ɓata masa suna.

Bayan ƙura ta lafa, ka rubuta abin da ya faru tun bai gushe maka ba: lokaci, wuri, abin da ya ce da kalmominsa, abin da ka yi, su wa suka gani. Ka ba mushrif, ka ajiye kwafi. In an taɓa jikinka ka je asibiti a rubuta, ko ƙujewa ce. Wanda ya ce maka “za mu haɗu a waje”, musamman in ɗan gari ne, kada ka ɗauke ta wasa kuma kada ka aika masa da martani. Ka sanar a rubuce, ka shigar da ƙorafi ta manhajar 'yan sanda ta Kulluna Amn ko ofishin shurɗa, ka nemi a canza maka ƙofa, ka daina komawa gida kai kaɗai na ɗan lokaci. In kuma daga baya dattawa suka shiga tsakani aka nemi sulhu, ka karɓa, amma a gaban shaidu. Za ka iya jin hannunka na rawa bayan rigima, ko barci ya ƙi zuwa, ko abin ya riƙa dawo maka. Haka jiki yake yi, ba ragwanta ba ce. Ka nemi a ba ka hutun rabin awa, ka sha ruwa, ka yi alwala, ka faɗa wa wani babba. In ya wuce makonni bai sake ka ba, ka ga likita.

Ka kula da barcinka da cikinka a ranakun nan. Yawancin yaran da na ga sun mayar da zagi ba mugun hali ne da su ba, sun kwana biyu ne ba su runtsa ba. Kada ka karɓi tsayuwa biyu a jere don ƙarin kuɗi, kuma kada ka yarda a bar ka kai kaɗai a ƙofa.

Ranar 7 ga wata, kafin alhazai su iso, ka zaga sansanin da ƙafarka kai da abokin tsayuwarka. Ku san kowace mafita, inda abin kashe gobara yake, asibitin da ya fi kusa, da inda askar ke tsayawa. Ku tsayar da kalma ɗaya da in ɗayanku ya faɗe ta ɗayan ya san kira zai yi ba tambaya. Lambar maktab, lambar titi, lambar mushrif da ta jami'an jihohin da ke wurin, ka rubuta su a takarda ka sa a bayan katinka, domin waya takan ɗauke a zafin Mina, wurin caji kuma layi ne. Allah Ya tsare ku, Ya sa a yi aiki lafiya a gama lafiya.